Kafin Ka Kawo Kare Gida: Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana

Samaru, Zariya

Babana,



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, kamar yadda muke a nan. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ƙafar tata ta yi sauƙi har ta koma Islamiyya. Muna ƙara yi maka jaje kan haurowar da aka yi muku. Tunda abin ya tsaya a kan kaji da batiran sola, ba a taɓa lafiyar kowa ba, sai hamdala. Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba.

Na ga hotunan da ka turo, na kuma saurari saƙon muryarka har ƙarshe. Abu biyu ka tambaye ni: wane irin kare za ka ajiye, kuma a ina za ka samo shi, wajen masu kiwon sayarwa, ko kuwa ka bi shawarar yayarka ta Ingila da ta ce kada ka saya, ka ɗauki wanda ba shi da mai shi. Na zaɓi in rubuto ne don na san halinka a waya, kana "to Abba, to Abba" alhali hankalinka yana wani wuri. Takarda kuwa za ka ajiye, ka kuma karanta wa maiɗakinka, tunda ita za ta riƙa wuni da dabbar nan kana wurin aiki. Idan ba ta yarda ba, maganar ta mutu tun daga nan.

Bari in fara da abin da ke damun mahaifiyarka. Hadisai sun yi izinin ajiye karen farauta da na kiwo da na gona, sun kuma yi gargaɗin cewa wanda ya ajiye shi haka kawai ladansa yana raguwa kullum. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙata ta kama. Ana ma ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da ka karanta a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Inda maganar ta taɓo tambayarka kai tsaye shi ne ciniki: an yi hani ga cin kuɗin kare, kuma mashahurin zance a mazhaba bai yarda da sayar da shi ba, ko da yake Sahnunu ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Ka zauna da malaminka kafin ka fitar da ko kwabo. Mu dai da muke yara a garinmu ba a sayen kwikwiyo. In karyar wani ta haihu, zuwa kake yi ka nuna wanda kake so, a ce ka dawo in ya fara cin tuwo.

To, mu zo kan aikin. Kafin ka tambayi iri, tambayi kanka me kake so karen ya yi maka. Ka cire wa ranka cewa akwai karen da zai tare mutum huɗu masu bindiga. Babu shi, ko nawa ka saya. Ƙwararrun ɓarayi ma ba sa faɗa da kare, tsoka mai guba suke jefa masa ta saman katanga, kuma guba ba ta san babba da ƙarami ba. Aikin karen gadi shi ne ya ji motsi tun daga nesa, ya yi haushi, ya tashe ka, ya tashi maigadi da maƙwabta, ɓarawo ya san an farka. Kunne wannan aiki yake so, da hanci, da lafiya, da sanin gida. Girman jiki a baya yake zuwa. Sannan akwai sharaɗin da ya fi duk waɗannan nauyi: a gidan nan akwai amaryata mai shekara huɗu da ƙaninta da ke rarrafe, ga 'ya'yan maƙwabta, ga almajirin da ke yi muku aike. Karen da zai zama barazana gare su, shi kansa ya zama abin gadi.

Kowane iri da ka gani a hotunan nan, wasu mutane ne suka raine shi a ƙasarsu, don aikinsu, a cikin yanayinsu. Wanda ya fi tafiya da hankalinka, Caucasian, karen makiyaya ne na tsaunukan da ke tsakanin Rasha da Jojiya da Armeniya. Can yana kwana a waje cikin dusar ƙanƙara yana kare tumaki daga kyarkeci, shi ya sa gashinsa hawa biyu ne, kuma cikakken namiji ba ya gaza kilo 50. An gina shi ya yanke hukunci da kansa ba tare da jiran makiyayi ba, ya kuma ɗauki duk baƙo abin tuhuma. Wannan hali ya dace da saman dutse inda ba kowa. Kai kuwa gidan Bahaushe gare ka, sallama ba ta yankewa daga asuba zuwa isha.

Ga kuma zafi. Kare ba ya gumi ta fata kamar mu, ta haki yake fitar da zafin jikinsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta tafin ƙafa. Ka tuna yadda Kaduna take a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35 a inuwa. Ina aiki a asibitin dabbobi an taɓa kawo mana Caucasian da azahar a bayan a-kori-kura. Mai shi ya kashe kuɗi ya yi masa keji na ƙarfe da rufin kwano, rana ta juyo ta same shi a ciki, ruwan kwanonsa ya ƙare, yaron da ke kula da shi an aike shi kasuwa. Harshe ya zazzago ya yi shuɗi-shuɗi, yawu ya yi kauri yana igiya, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa, ma'aunin zafi ya haura 42. Muka yi ta kwarara masa ruwa, muka kunna fanka, muka ɗaura masa ƙarin ruwa ta jijiya, amma kafin la'asar ya mutu. Mai shi ya tsaya riƙe da sarƙa yana ta nanata kuɗin da ya saye shi. Ba mugun mutum ba ne, wanda ya sayar masa ne bai gaya masa komai ba.

Boerboel ya fi Caucasian jure zafi, tunda karen gonakin Afirka ta Kudu ne mai gajeren gashi. Sai dai yakan kai kilo 70, kuma idan bai samu mai iya sarrafa shi tun yana ƙarami ba, ranar da ya yi gardama ba mai riƙe shi a gidanka, har kai. Rottweiler, wanda ya samo suna daga garin Rottweil na kudancin Jamus inda yake kora shanun mahauta, yana da basira da biyayya ga mai shi, amma baƙin gashinsa yana shan rana, kuma 'ya'yansa suna cikin waɗanda cutar zawon jini ta fi kayarwa. Malinois da abokinka ke zuga ka a kai, karen aikin soja da 'yan sanda ne. In bai samu aikin da zai gajiyar da shi kullum ba, kajinka zai mayar aikinsa.

A cikinsu duka, wanda muke kira Alsatian, wato German Shepherd, shi ya fi dacewa da gida mai iyali idan an dace da na kirki. Wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa irin a 1899 don kiwon tumaki, daga baya 'yan sanda da soja suka ɗauke shi saboda saurin koyo. Aibinsa a ƙugu yake. Da yawa ana haifarsu da gaɓar ƙugun da ba ta zauna daidai ba, abu ne da ake gada, kuma ba ya nunawa a kwikwiyo. Sai ya girma ka ga yana jan baya, yana tashi da ƙyar. Masu kiwo na kirki a Turai sukan ɗauki hoton ƙashin uwa da uba kafin su haɗa su barbara. Ka tambayi mai sayar maka ko ya yi haka, ka saurari amsar da zai ba ka.

Kuɗin saye kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za ka kashe. Kare mai kilo 50 yana cin abin da ya haura rabin kilo na busasshen abincin kanti a rana, ke nan buhu mai kilo 15 ba zai kai maka wata ba, kuma yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Magani ma da nauyin jiki ake auna shi, na tsutsa da na kaska da na kashe ƙwayoyin cuta, duk ninki biyu ko uku na matsakaicin kare. Ba kuma hidimar shekara ɗaya ba ce. Manyan nan sukan yi shekara 8 zuwa 12, matsakaita su fi haka. Wanda ka kawo bana yana nan har amaryata ta shiga sakandare. Ka yi lissafin da albashin watan da ya fi matse ka, kada ka yi da na watan da aka biya alawus. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu ga wanda ba ka turo hotonsa ba: karen gida, ja ko fari da ja, mai gajeren gashi da siririn ciki, wanda da wuya ya wuce kilo 25. Mun raina shi ne don a bola muka saba ganinsa, da ƙazuwa a jiki da kunnen da ƙuda ya cinye. Rashin mai kula ne ya mayar da shi haka. Je ka wajen mafarauta ka ga nasu, ƙirji a buɗe, gashi na sheƙi, suna jin fito ɗaya su juyo. Ko ka doshi rugar Fulani ka ga yadda kare ke sanar da zuwanka tun kafin ka hango bukka. Ba wanda ya zaɓi kakanninsa don kyan gani. Zafi da kaska da yunwa ne suka tace su, wanda ya jure shi ya haihu. Tuwo da ƙanzo da wake da ɗan kifi ko kayan ciki sun ishe shi ya murje. Cututtukan kaska sukan kama shi, amma ba sa kayar da shi da saurin da suke kayar da baƙo. Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye maka ba: yana son yawo, lokacin barbara katanga ba ta tare shi, kuma in ba a saba masa da kaji tun yana ƙarami ba zai ɗauke su abin farauta. Duk ukun suna da magani, kuma maganin ba shi da tsada.

Don ka san ido ne kawai ke raina na gida, siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye, na yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, mai gadin zango yana kamo zomo da barewa, an kai shi Turai a shekarun 1970 aka yi masa rajista, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jerin irin da ta amince da su. Can sai mai hali ke mallakarsa.

Sai maganar yayarka. Gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar inda take zaune. A Ingila akwai gidaje na musamman da ke karɓar karnukan da suka ɓata ko masu su suka kasa riƙewa. Na Battersea a Landan tun 1860 aka kafa shi. Kafin su ba ka kare sun duba lafiyarsa, sun yi masa allura, galibi sun fiɗiye shi, sun zauna da shi sun san halinsa. Sannan su titsiye ka da tambayoyi kamar ka zo neman aure: ina gidanka, mene ne aikinka, 'ya'yanka shekarunsu nawa, wa zai wuni da shi. Suna iya hana ka. Abin da ya sa mutanen can suka nace a kan wannan hanya shi ne ɓarnar masu kiwon haɗama, waɗanda ke kulle karya a keji tana haihuwa ba hutu, dillalai na kwashe 'ya'yan. Har ta kai a watan Afrilun 2020 aka kafa doka a Ingila cewa kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, ba a samunsa sai daga hannun wanda aka haife shi a wurinsa ko daga irin waɗannan gidaje. Tun 2016 kuma dole ne a sa wa kowane kare 'yar mitsitsiyar na'ura a ƙarƙashin fata, mai lambar da za a gano mai shi. A 2024, bayan rayukan da irin da suke kira XL Bully ya salwantar, mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi. Ka ga ƙasar da ke da doka da masu bin ta ma sai da ƙaton kare ya gagare ta.

A nan irin waɗannan gidaje ba su da yawa, amma abin da yayarka take nufi muna da shi ta hanyarmu, kuma ƙofa uku ce. Ta farko, kwikwiyo daga karyar da ka sani, a gidan da ka sani. Ita ce ta fi aminci. Ta biyu, babban kare wanda mai shi zai tashi ko aka yi masa canjin wurin aiki. Amfaninsa shi ne halinsa ya riga ya bayyana, kuma zai fara gadi da wuri. Sai dai ka binciki dalilin rabuwar a bakin maƙwabta, don ba wanda zai ce maka karensa ya ciji yaro. Ka nemi katin allurarsa, ka ziyarce shi fiye da sau ɗaya, ka ga yadda yake da yara da kaji. Ta uku, karen titi wanda ba a san daga inda ya fito ba. Wannan ban yarda ka shigo da shi gida mai ƙananan yara ba. Ciwon hauka yana iya kwanciya a jikin kare makonni ko watanni ba alama. In tausayinsa ya kama ka, ka ajiye masa ruwa da abinci a waje, ka kira likitan dabbobi.

In kuma zuciyarka ta nace sai na ƙetare, malaminka ya kuma ba ka hanya, ban hana ka ba. Amma Alsatian, kuma ka san bambancin mai kiwo da dillali. Mai kiwo na gaskiya karyarsa biyu ce ko uku, ya san ranar haihuwar kowacce da ciwon da ta taɓa yi, zai yi maka tambayoyi kafin ya ba ka, zai kuma yarda ya karɓi abinsa in likita ya ga matsala. Dillali waya ce jarinsa, da hotunan da ya kwaso a Instagram. Duk irin da ka ambata yana da shi, kullum saura ɗaya, kullum wani yana hanya da kuɗi. Kada ka tura kafin alƙalami a kan hoto. Kada ka yarda a haɗu a gidan mai ko a tasha, ko a ce za a sako maka shi a mota daga Legas. Ka je gidan da ƙafarka, ka ga uwar tare da 'ya'yanta, ka ga inda suke kwana. Kada ka karɓi wanda bai cika mako 8 ba, domin a makonnin nan ne yake koyon iyakar cizo daga uwarsa da 'yan'uwansa, kuma wanda aka raba da wuri yakan tashi matsoraci ko mafaɗaci. Takardar asali kowa na iya bugawa a shagon kwamfuta. Abin da za ka duba shi ne katin rigakafi mai ɗauke da tambarin da aka ɓamɓaro daga kwalbar allura, da sa hannu da hatimin likita, sannan ka kira likitan. Ka tambayi dangantakar uwa da uba, don wasu haɗa uba da 'ya suke yi, ko wa da ƙanwa, cututtukan gado su taru a kan 'ya'yan. Ka kuma sani cewa a mako shida duk kwikwiyo mai gashi kamarsu ɗaya, sai ya yi wata shida fuskarsa ta gaskiya ke fitowa, lokacin dillali ya canza lamba. In ka ji farashi ya yi daɗi da yawa, ka tuna araha ba ta ado.

Ko na kyauta ko na kuɗi, ga yadda ake dubawa. Fara da uwar, daga nesa. Karyar da ta yi haushi da ta gan ka, sannan ta lafa da mai ita ya yi mata magana, ita ake nema. Wadda ta ruga ta ɓuya tana karkarwa, ko wadda sai an ɗaure ta kafin ka shigo, 'ya'yanta sukan ɗauko halin. Daga nan ka tsuguna ka bar kwiyakwiyan su zo da kansu. Kada tausayi ya sa ka ɗauki wanda ya maƙale a lungu, kada burgewa ta sa ka ɗauki mai danne 'yan'uwansa yana gurnani a kan kwano. Ka nemi wanda ya zo ya shinshina hannunka, ya kaɗa wutsiya, ya koma wasansa. Ɗauke shi, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi: ruwan hoda shi ne lafiya, fari fat alama ce tsutsa ko kaska sun sha jini. Ido ba kwantsa, hanci ba majina, kunne ba wari. Shafa gashin ta baya ka nemi ƙuma da kaska, musamman cikin kunne da tsakanin yatsu. Ƙaton tumbi a kan siraran ƙafafu tsutsa ce. Duba ƙarƙashin wutsiya ko zawo ya ɓata wurin. A ƙarshe ka ajiye shi, ka jefar da makullanka a bayansa ka ga ko zai waiga.

Ranar da ka kawo shi, ko washegari, ka kai shi asibitin dabbobi. Allurar haɗaka ta cututtukan kwiyakwiyai ana fara ta a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako uku zuwa huɗu har ya kai kimanin mako 16. Kafin ta cika kada ya fita titi, kada baƙon kare ya shigo masa. Cutar zawon jinin nan, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, kuma kwana biyu zuwa uku na amai da zawo sun isa su kashe kwikwiyo. Maganin tsutsa da na kaska likita zai tsara maka. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya, don haka wanke karen kaɗai bai isa ba, sai an yi wa makwancinsa feshi.

Allurar da ba na son ka yi wasa da ita ko da kwana ɗaya ita ce ta ciwon hauka: a wata 3, sannan duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tsira. Allurar kuwa ba ta gagari kowa ba, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos ta daɗe tana yin ta, ana kuma samun ta a asibitocin dabbobi. Ka koya wa duk mutanen gidanka wannan: in kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, naku ko na wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Kada a tsaya liƙa gashin karen a kan ciwon. Addu'a a yi ta a hanyar asibiti. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likita na lura da shi.

Sauran kuwa tarbiyya ce. A wata ukun farko ka saba masa da duk abin da zai rayu da shi: yara, kaji, tumaki, ƙarar babur, maigadi, masu zuwa kullum. Kada ka saurari masu cewa a ba shi barkono, ko a kulle shi a duhu, ko a riƙa dukansa don ya yi zafi. Abin da wannan ke haifarwa shi ne kare mai tsoro, kuma mai tsoro shi ke cizon na gida. Kada a yanke masa kunne ko wutsiya, ba abin da yake ƙara masa. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a kwano ɗaya, a wuri ɗaya, a hana shi tsintar abu a ƙasa, wannan zai rage haɗarin guba. Ban da miya mai albasa da yawa, ban da cakulan, ban da dafaffen ƙashin kaza, ban da maganin ciwon jiki na mutane. In ya isa a fiɗiye shi a asibiti, yawon zai ragu. Makwancinsa ya zama a inuwa, kusa da ɗakin kaji, nesa da ɗakunanku da wurin salla, ruwa kuma kada ya yanke. Kada ya wuni ya kwana a sarƙa. Yara kuwa, komai kirkin kare, ba a barinsu da shi su kaɗai, kuma ba a taɓa shi yana ci ko yana barci.

Babana, ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ka kuma san na matar da ta halaka saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Duk abin da ka rufe wa ƙofa, cinsa da shansa da ciwonsa sun hau kanka, kuma za a tambaye ka. In ya ciji ɗan maƙwabci, kai za a nema. Saboda haka ka ɗauki wanda za ka iya sauke haƙƙinsa a shekarar wadata da ta matsi.

Ga shawarata. Karyar baffanka ta gona ta haihu. Na san ta, na san uwarta, ni nake yi mata allura, ba ta taɓa cizon kowa ba, kuma ba a shiga gonar nan ba ta sanar ba. Na ce ya ajiye maka har su cika mako 8. Ɗaya za ka fara da shi, in ka ga ka iya, baɗi a ƙara. Ka sani ba zai yi gadin kirki ba sai ya doshi shekara, ba a kiwon kare ranar farauta. Don haka kuɗin da ka ware wa Caucasian ka ƙara wa katanga tsawo da su, ka sa fitila mai sola a bayan ɗakin kaji, ka gyara ƙyauren baya, ka kuma ƙara wa maigadi wani abu.

Ka samu Asabar ɗin da ba ka aiki ka zo mu je tare, ka zaɓa da hannunka, mu biya asibitin dabbobi na jami'a a yi masa allurar farko kafin ku kama hanyar Kaduna. Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka ce ina jiran jin ra'ayinta. Ka gaya wa amaryata ita za ta raɗa masa suna. Ka kuma kira yayarka ka yi mata godiya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ku da abin da kuka mallaka, Ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka